Wanda Ya Haifa Da Wanda Ya Rena

 A wannan mako na ajiye zancen girki da renon jarirai, zan kawo muku labarin wata gardama da ta tashi tsakanin matan unguwarmu a nan Damari. Kan wani fim na Indiya ta tashi, amma ba ta tsaya a Indiya ba, sai da ta biyo mu har cikin ɗakunanmu. Na san akwai waɗanda da sun ji inda zancen ya nufa za su ce wannan ba maganar jarida ba ce. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri su kai ƙarshe, sa'an nan su yanke mini hukunci.

Mutanen Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, sa'ad da aka toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Waya ta zama ba ta kira, ba ta amsawa. Abin da ya rage mata sai fitila da kallo. Tun daga lokacin matan unguwarmu suka ɗauki al'adar taruwa bayan sallar isha'i, a aiki yaro wurin masu tura fim ya cika waya, a jingina ta da ƙwarya, a zauna. An buɗe layuka tuni, amma al'adar ta zauna. A irin wannan zama ne muka kalli fim ɗin da a ke kira Tamanna, ina karanta rubutun Turanci da ke fitowa a ƙasa ina mayar musu da Hausa. Ko da ya ke, kun san halinmu da fim ɗin Indiya, wata kafin in buɗe baki ta riga ni faɗin abin da za a ce.

Ga yadda labarin ya ke. Mahesh Bhatt ne ya shirya shi, ya fito a 1997, 'yarsa Pooja Bhatt ce ta ɗauki nauyinsa, ita ce kuma ta fito a Tamanna. Labarin ya fara a 1975 a unguwar Mahim ta birnin Bambai, wanda yanzu a ke kira Mumbai. Akwai wani mai suna Tikku, sana'arsa gyaran gashi da kwalliyar 'yan wasan fim mata. Paresh Rawal ne ya fito a wannan matsayi. Uwar Tikku ta rasu, ya rasa kowa a duniya. Yana cikin wannan baƙin ciki sai ya ga wata mace ta ajiye jaririya a juji ta wuce. Ya ɗauke ta, ya raɗa mata suna Tamanna, watau buri. Shi da abokinsa Salim suka rene ta, ya sa ta makarantar kwana da gumin goshinsa. Da ta gama karatu ta komo gida, sai ta iske shi cikin tufafin mata, ta gane cewa wanda ta ke kira uba yana cikin waɗanda Indiyawa ke ce wa hijira. Ta juya masa baya. Daga baya sai asiri ya tonu, ashe uban da ya haife ta wani attajiri ne ɗan siyasa mai suna Ranvir Chopra, kuma laifinta da ya sa aka yar da ita shi ne an haife ta mace. Ƙarshen ba zan faɗa muku ba, domin waɗanda ba su gani ba.

Hijira wata jama'a ce daɗaɗɗiya a Indiya da Pakistan da Bangaladash. Mafi yawansu an haife su da jikin maza, amma suna zama da shigar mata da sunayen mata, suna zuwa gidajen suna da na biki su yi rawa a ba su kuɗi. A ƙidayar Indiya ta 2011 kusan mutum 488,000 aka rubuta a layin waɗanda ba a sa su cikin maza ko mata ba, a 2014 kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta amince da su a matsayin jinsi na uku. Mu a nan ba mu da irin wannan tsari. Amma da Tikku ya fito yana karairaya, kafin in ce uffan wata ta ce, "Kai, ashe ɗan daudu ne!" Aka kwashe da dariya. Ba ɗaya su ke ba sak, amma shi ne mafi kusa da abin da idonmu ya saba gani.

To, da fim ya ƙare aka kasu kashi huɗu.

Ta farko ita ce Goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta fi kowa dariya da fari, ta kuma fi kowa kuka daga baya. Ta share ido da bakin zane ta ce mini, "Ke ɗiyar nan, ni ban san Indiya ba, amma na san reno. Haihuwa wata 9 ce, reno kuwa shekara 20. Wanda ya tashi tsakar dare ya dama wa jaririya madara, ya wanke kashinta, ya hana cikinsa ya biya mata makaranta, ko me ya ɗaura a ƙugunsa ya fi wancan mai babbar riga da ya jefa ta a juji." Goggo ta rene 'ya'yan kishiya 3 bayan uwarsu ta rasu, saboda haka ba wanda ya iya tanka mata nan take.

Ta biyu uwargidan maƙwabcinmu ce, mace mai kamun kai, wadda ba ta faɗin magana sai ta auna. Ta ce ita ba ta yarda a ƙara kawo irin wannan fim inda yara ke zaune ba. Ta ce, "Malama, ki dubi dabarar. Sun ɗauko abin da addini ya hana, sun lulluɓe shi da tausayi, sun sa mu kuka. Yau mun yi kuka domin shi, gobe yaro ya ga ba kome ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ta ƙara da cewa da gangan aka zaɓo mugun uba aka jera shi da Tikku, domin duk wanda aka jera da mai yar da jaririya a juji lalle ya fito fari tas. Wannan magana tata tana da nauyi, kada wata ta rena ta. Mai shirya fim ba alƙali ba ne, shi ke zaɓen wanda za ki so da wanda za ki ƙi, ya haɗa da kiɗa mai karya zuciya. Ya kamata kowace mai kallo ta riƙa tuna haka, ko wane irin fim ta ke kallo.

Ta uku malamar Islamiyyarmu ce. Ita ba ta goyi bayan kowa ba, rarrabe mana abubuwa ta yi. Ta ce mun tara abu 3 cikin tukunya ɗaya. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halitta mai rikitarwa, wanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa. Wannan ba shi da laifin kome, har malamanmu na Malikiyya sun yi masa bayanin rabon gado, da zancensa ma aka rufe Muhtasar na Shehu Halilu. Akwai namijin da ya tashi tun yana yaro da laushin murya da motsi irin na mata ba da ƙirƙira ba. Akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa kamanta mata da gangan. Ta ce Imam Nawawi, cikin sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bambanta na biyu da na uku, ya nuna cewa tsawatarwa mai tsanani da ta zo cikin hadisi tana kan mai yi da gangan ne. Sa'an nan ta ce, "Hukunci yana nan, ba fim ɗin da zai kankare shi. Amma mun manta da abin da fim ɗin ya zo faɗa. Yar da 'ya mace shi ne aikin Jahiliyya da Alƙur'ani ya yi tir da shi." Gaskiyarta kuwa, domin abin ya yi yawa a Indiya har a 1994 aka yi dokar hana likitoci faɗa wa iyaye ko cikin na mace ne ko na namiji, saboda masu zubar da shi in sun ji mace ce.

Kashi na huɗu su ne 'yan makaranta, su ne kuma suka ba ni mamaki. Manya duka sun zargi Tamanna da butulci da ta guje wa wanda ya rene ta. 'Yan matan kuwa bayanta suka bi. Wata 'yar aji 2 na ƙaramar sakandare ta ce mini, "Anti, ku manya kuna magana ne kawai. Ba ku za ku shiga aji gobe ba. In aka ce ubanki ɗan daudu ne, wallahi ko ruwan randar makaranta kika sha sai an yi miki waƙa." Sauran suka ce haka ne. Suka ce ba ƙinsa ta ke yi ba, tsoron bakin mutane ta ke ji.

Wannan magana ta yarinya ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mu duba finafinanmu na Hausa. Ɗan daudu ba baƙo ba ne a cikinsu. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya yi fim mai suna Ibro Ɗan Daudu. Ado Gwanja ma da irin wannan fitowa ya fara yin suna a wasan kwaikwayo. Mun sha dariya, ana tafa hannu, ana riƙe haɓa, ana habaici, ana murguɗa baki. Amma ku tuna da kyau, sau nawa kuka ga an bi ɗan daudun fim har gida, an nuna shi yana auna hatsi, ko yana ɗauke da yaro mai zazzaɓi zuwa asibiti? Yakan fito ya ba mu dariya ya ɓace, kamar daga sama ya faɗo, ba uwa, ba mata, ba ɗa.

A zahiri kuwa ba haka abin ya ke ba. Wani Ba'amurke masanin harshe, Rudolf Gaudio, ya yi shekaru yana bincike tsakanin 'yan daudun Kano, ya fitar da littafi a 2009. Cikin abin da ya rubuta har da wanda kowace 'yar ƙasar nan ta riga ta sani: da yawa cikinsu suna da aure, suna da 'ya'ya, sana'arsu kuma dafa abinci da sayarwa a tasha da kasuwa. Watau duk sa'ad da muka yi dariyar nan a tsakar gida, akwai yarinyar da dariyar ke sauka a kanta da safe.

Na san ɗaya daga cikinsu. Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa, an kai ni wata makarantar 'yan mata a wani gari da ba zan ambata ba. A ajina akwai wata yarinya mai kaifin lissafi, takan gama aiki ta kife littafi kafin sauran su kai rabi. Ubanta yana da rumfar shinkafa da soyayyar kaza a tasha, garin duka kuwa an san ko shi wane ne. 'Yan ajin suka sa ta gaba. In ta tashi ba da amsa sai wata ta tafa hannu ta ce "Ahayye!" a kwashe da dariya. In an tashi tara, sai a tambaye ta wa ke ɗaura wa wani ɗankwali a gidansu. Ta daina ɗaga hannu, ta koma kujerar baya, daga nan sai kujerar ta zama ba kowa.

Ran nan ana tashi sai maigadi ya ce ina da baƙo. Na iske mutum a bakin ƙofa da riga da hula, ya tsaya ƙiƙam, ya haɗa hannuwansa a baya kamar mai tsoron kada su motsa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Ranki ya daɗe Malama, ni ne uban wance. Ni dai na saba, tun ina yaro na ke shan gori, fatata ta yi kauri. Amma ita me ta yi? Ba ta taɓa zama a rumfata ba. Kullum da asuba ni ke tashinta salla. Kuɗin littafinta daga gindin murhu na ke samo shi, ban roƙi kowa ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na ce mata ta riƙa faɗa musu ni ba ubanta ba ne, riƙonta na ke yi. Ta ƙi. Ta ce gara ta bar makarantar."

'Yan'uwa, ku tsaya a kan wannan. Uba ya yarda a kankare sunansa domin 'yarsa ta yi karatu, 'ya kuma ta yarda ta rasa karatu da ta yi musun ubanta. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yarinya 'yar shekara 13 ta riƙe wannan karin magana fiye da manya da yawa.

Muka kai magana ga shugabar makaranta, ta tara ajin ta yi musu faɗa mai kyau, aka aika gida. Bayan mako 3 yarinyar ta komo, ta kuma zo ta ɗaya a lissafi a jarrabawar ƙarshen zango. Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Da na tambayi wadda ta fi kowa tsokanarta dalili, sai ta ce ai a bakin innarta ta ji, ita ce ma ta hana ta zama kujera ɗaya da ita, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kun ji fa. Yaro ba ya ƙera gori, a gida a ke ba shi, ya ɗauko ya kawo makaranta tare da kuɗin tara.

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka an yi wani fim a 2005 mai suna Transamerica, labarin wanda aka haifa namiji, ya koma zaman mace yana jiran aikin likita, sai kwatsam ya ji yana da ɗa ɗan shekara 17 da bai san da shi ba. A Denmak kuma a 2020 wata mai suna Malou Reymann ta shirya fim a kan abin da ya same ta ita kanta tana yarinya, sa'ad da mahaifinta ya koma zaman mace. Al'adarsu daban, dokarsu daban, addininmu bai yarda da wannan hanya ba, ba kuma ita na ke tallatawa ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, ko a Bambai, ko a Turai, ko a tashar garinmu, akwai yaro a tsaye a tsakiya wanda ba a yi shawara da shi ba, shi ne kuma ke kwana da abin.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, hukuncin manya na bar wa malamai da hukuma. Amma akwai abu 3 da kowace 'yar Islamiyya ta karanta. Na ɗaya, Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ba ɗan da ke cikin sheƙa ba. Na biyu, a Suratu Luƙman an umurci ɗa ya zauna da iyayensa da kyautatawa a duniya ko da suna jan sa zuwa shirka, sai dai kada ya bi su. To, in wanda ke kira zuwa shirka bai rasa haƙƙinsa na uba ba, da wace hujja za mu matsa wa yarinya ta ji kunyar gaishe da nata a kan hanya? Na uku, a Suratul Hujurati an hana izgili da jifa da munanan laƙabi, an kuma ambaci mata a kan wannan a keɓe. Mai ganin tana kishin addini da gori, ta duba kada ta tsallake rami ta faɗa rijiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Saboda haka ga roƙona ga matan aure. In za ki hana 'ya'yanki wani fim, hana, gidanki ne, uwargidan maƙwabcinmu ma ba ta yi laifi ba da ta faɗi ra'ayinta. In kuwa kin bar su sun kalla, zauna tare da su, ki rarrabe musu abin koyi da abin gudu. Amma ki tsare bakinki daga kiran sunan uban wance da uwar wance a gabansu, domin magana zarar bunu ce, ba ta komawa. In kuma ɗanki namiji ya taso da laushin hali, duka da gori a gaban baƙi ba sa gyara shi, sai dai su kore shi daga gida zuwa inda za a karɓe shi hannu biyu. Ja shi a jiki, ki sa ubansa ya riƙa tafiya da shi gona da masallaci, ki yi ta addu'a. Ranar da kuma aka zo binciken aure, a binciki halin yarinya da karatunta da sallarta. Sau nawa albasa ba ta yi halin ruwa ba, ta wajen kyau da ta wajen muni?

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, kun fi kowa sanin yadda karatun 'ya mace ya ke da tsada a wannan yanki namu. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa ke ɗar-ɗar da tura 'ya'yansu makaranta. Wadda ta tsallake tsoron hanya, da talla, da auren wuri, ta iso aji, bai kamata bakin 'yar'uwarta ya zama shi zai mayar da ita gida ba. In kin ga an sa wata gaba saboda ubanta, ko sana'arsa ce, ko halinsa, ko talaucinsa, ba sai kin yi dambe ba. Ɗauki littafinki ki koma kusa da ita ki zauna. Mutum ɗaya in ta ƙi yin dariya, sau da yawa dariyar takan mutu.

Na san akwai waɗanda za su ga na yi sassauci, akwai kuma waɗanda za su ga ban yi isasshe ba. Filin nan naku ne. Ku rubuto wa Edita ra'ayinku, musamman ku iyayenmu da kuka rene 'ya'yan da ba ku haifa ba, mu ji ta bakinku. Allah ya shirya mu, ya shirya mana zuriya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Haza wasalam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.